Inda Aka Tsaya: Yadda Manhaja Ke Adana Halin da Take Ciki

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Zancenmu na yau ya shafi cikin kwamfuta ne, can ƙuryar da ido ba ya kaiwa, amma daga gindin bishiya zan fara da ku.

A ce dattawa biyu suna dara da yammaci. An tona gurabe 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan na kara, wancan na tsakuwa. Wasa ya yi nisa, kowa yana ganin shi ke da rinjaye, sai hadari ya taso daga gabas. Ba wanda ya yarda a watsar da wasan. Sai suka kira wani yaro ɗan makaranta, suka ce ya ɗauko takarda ya zana musu yadda 'ya'yan suke zaune. Yaron ya zana tsaf, bai kuskure gurbi ko ɗaya ba. Ruwa ya sauka ya shafe wurin. Washegari aka sake tona gurabe, aka mayar da kowane ɗa mazauninsa bisa takarda. Daga nan gardama ta ɓarke. Wa zai fara motsi? Wannan ya ce shi ne, wancan ya ce ai shi aka tsaya a kansa jiya. Wanda ya san dara kuwa ya san motsi ɗaya ya isa mutum ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa.

Takardar yaron ba ta yi ƙarya ba. Duk abin da ido ya gani ta kwashe. Amma akwai wani yanki na wasan da ba a ƙasa yake ba, a kan 'yan wasan yake, kuma shi ke yanke abin da zai biyo baya. Ku riƙe mini wannan takarda, domin masu rubuta manhajar kwamfuta kullum cikin rubuta irinta suke, kuma kullum suna fuskantar haɗarin manta tambayar nan ta wa zai fara motsi.

Bari in fayyace kalmomi biyu. Ta farko, laburaren manhaja. Mai rubuta manhaja ba ya ƙirƙirar komai da komai da hannunsa, kamar yadda magini ba ya toya kowane bulo da kansa. Akwai tarin kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka sake wa jama'a, kowa ya ɗauka ya yi gini a kai. Wannan tarin shi ne laburare. Kalma ta biyu, jerantawa. Lokacin da manhaja ke aiki, kayanta suna warwatse a ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wannan yana nuna wancan, wancan yana rataye da wani. Ƙwaƙwalwar nan kuwa da an kashe na'ura ta mance komai. In ana so a ajiye abu a faifai, ko a tura shi wata kwamfuta ta intanet, dole a kwance shi a mayar da shi jeri guda na lambobi, ɗaya bayan ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe. Wannan ita ce jerantawa. In an tashi buƙatarsa, sai a karanta jerin a sake tayar da abin.

A harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fara fitarwa a 1991, kayan aikin da ke wannan hidima sunansa pickle. Asalin kalmar tana nufin kayan lambu da Turawa ke jiƙawa a ruwan gishiri ko ruwan tsami don su daɗe ba su lalace ba. Da a ƙasarmu aka raɗa sunan, ina jin da kilishi aka kira shi, ko busasshiyar kuɓewa. Kuma kwatancen ya dace ta wata fuska da nake so mu lura da ita. Uwargidan da ke shanya kuɓewa ta san ruwan cikinta ba zai kai rani ba. Ta bar shi ya tafi da gangan, domin ta san ranar miya za ta zuba wani ruwan. Abin da ba za ta yarda ya salwanta ba shi ne yauƙi da ɗanɗano. Gwanintar adanawa ita ce sanin me za a tafi da shi, me za a bari, me kuma za a sake samarwa ranar da aka buɗe.

Ga misalin ruwan da ba ya kai rani. A ce manhaja ta buɗe wani fayil tana karanta shi layi-layi, ta kai layi na 500. Buɗaɗɗen fayil ba abu ne da ake iya ɗauka a sa a jaka ba. Yarjejeniya ce ta ɗan lokaci tsakanin manhajar da tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, kamar lambar layi da ake ba mutum a banki, wadda ba ta da amfani gobe, ba ta da amfani a wani reshe. Shi ya sa in ka ce wa pickle ya adana buɗaɗɗen fayil, ƙi yake yi, ya fito fili ya ce ba zai iya ba. Haka yake yi da buɗaɗɗen layin sadarwa tsakanin kwamfuta biyu. Mafita ita ce mai laburaren ya rubuta umarni biyu da hannunsa. Na farko, wanda ake kira getstate, yana cewa in an zo adana ni, a bar fayil ɗin, a rubuta sunansa da lambar layin da na kai. Na biyu, setstate, yana cewa in an zo tayar da ni, a sake buɗe fayil mai wannan suna, a wuce layuka 500, a tsaya a nan. Littafin jagorar Python kansa da irin wannan misali yake koyar da darasin.

Harshen Java, wanda ya samu nasa tsarin jerantawa a 1997, ya ware kalma guda, transient, wadda ake liƙa wa duk wani yankin da ba a so ya shiga ajiya. Akwai wani ma'aji a Java mai suna HashMap, wanda kusan kowace manhajar Java ke amfani da shi. Yadda yake aiki, yana raba kaya cikin aljihuna bisa wani lissafi da yake yi a kan sunan kowane kaya, domin in an zo nema a tafi aljihun kai tsaye. To aljihunan nan an yi musu alamar kada a adana. Kayan kawai ake jerantawa, in an tayar sai a sake lissafi a sake rabawa. Dalili kuwa, lissafin wasu kayan yakan canza in an kashe manhaja an sake kunnawa. Da an adana aljihunan yadda suke, da kaya suna nan a ciki amma in an neme su a rasa, domin ana duba aljihun da sabon lissafi ya nuna, su kuwa suna wanda tsohon ya sa su. Kun ga ke nan, adana komai da komai ma yakan zama ɓarna.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan yadda manhaja ke adana halin da take ciki domin ta ci gaba daga inda ta tsaya. Yanzu zan shiga misalin da ya fi jan hankalina, wato injin jefa ƙuri'a.

Masu bincike suna yawan buƙatar lambobin da suka zo kamar an jefa ƙuri'a. Mai nazarin yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa, ko mai kintacen yadda damina za ta shafi amfanin gona, yakan sa kwamfuta ta kwaikwayi al'amarin sau dubbai, kowane karo da sa'a daban. Sai dai kwamfuta ba ta san ƙuri'a ta gaskiya ba, lissafi kawai ta iya. Don haka ake ba ta lamba guda ta farawa, wadda ake kira iri, ita kuma ta riƙa juya ta tana fitar da lambobin da mai kallo ba zai gane tsarinsu ba. Wannan ba aibi ba ne, alheri ne babba. In ka shuka iri ɗaya, lambobi ɗaya za ka girbe, yau da gobe, a Kano ko a Tokyo. Ta haka ne wani masani zai iya maimaita binciken ɗan'uwansa ya tabbatar ko gaskiya ya faɗa.

Shahararren injin irin wannan shi ne Mersenne Twister, wanda masana lissafi biyu 'yan Japan, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka ƙirƙira a 1997. Shi Python ke amfani da shi har yau. A cikinsa akwai teburi na lambobi 624, kowace mai faɗin bit 32, jimilla bayit 2,496. Akwai kuma wata 'yar lamba guda da ke nuna inda aka kai a teburin. Duk lokacin da aka nemi ƙuri'a, sai injin ya ɗauki lambar da ke wurin, ya cuɗa ta, ya miƙa, ya matsa gaba taki ɗaya. In ya ƙure teburin, sai ya sake juya dukkan 624 ɗin ya koma farko. Wanda ya adana teburin ya manta 'yar lambar nan, ya yi aikin yaron dara. Shi ya sa in ka tambayi Python halin da injinsa ke ciki, lambobi 625 yake ba ka, ba 624 ba.

Amma ba a nan ta tsaya ba. Bayan 625 ɗin akwai wani ɗan gurbi a ƙarshe, wanda sau da yawa babu komai a cikinsa. Ga amfaninsa. Wani lokaci mai bincike ba ƙuri'a shimfiɗaɗɗiya yake so ba, yana son irin lambobin da galibinsu ke taruwa a tsakiya, kamar tsayin mutanen gari, inda matsakaita suka fi yawa, dogaye ƙwarai da gajeru ƙwarai kuma 'yan kaɗan ne. Dabarar lissafin da ke samar da irin waɗannan tagwaye take haifa, biyu a lokaci guda. Injin sai ya miƙa ɗaya, ya soke ɗayar a aljihu har sai an sake tambaya. To in aka zo adanawa a daidai lokacin da ɗayar ke aljihu, aka kuma manta da aljihun, injin da aka tayar zai tsallake lamba ɗaya tak. Lamba ɗaya. Daga nan duk abin da ya biyo baya ya goce da taki ɗaya, ƙuri'ar da ta kamata ta faɗa kan wannan gida ta faɗa kan maƙwabcinsa, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Manhajar za ta gama aikinta lafiya, ta ba da sakamako mai kyan gani, wanda ba shi ne na asali ba.

Waɗannan duka an san da su tun tuni, kuma an tanade su. Labarin da zan ba ku yanzu ya faru ne ga mutanen da suka san su sarai.

NumPy laburare ne na lissafi a Python, wanda Travis Oliphant ya harhaɗa, sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a 2006. Da wuya ka sami ɗakin binciken kimiyya da ba a taɓa shi. Yana cikin kayan da aka yi aiki da su wajen haɗa hoton baƙin ramin sararin samaniya na farko da aka nuna wa duniya a 2019. A wannan shekara ta 2019, a siga ta 1.17, NumPy ya kawo sabon tsarin jefa ƙuri'a, wanda injinsa na yau da kullum ake kira PCG64, daga dangin injunan da Melissa O'Neill ta ƙirƙira a 2014. Tare da shi aka zo da wani abu mai suna SeedSequence, wanda zan kira rumbun iri. Aikin rumbun shi ne ya karɓi irin da mutum ya bayar, ya cuɗa shi sosai, ya tayar da injin da shi. Yana da wani aikin kuma: yana iya haifar 'ya'yan iri, kowanne da hanyarsa daban, domin in aka raba babban aiki ga kwamfutoci goma, kowacce ta sami nata injin ba tare da ƙuri'unsu sun yi karo ba. Rumbun yana riƙe da irin asali, yana kuma ƙirga 'ya'ya nawa ya riga ya haifa, don kada ya haifi ɗa guda sau biyu.

Yanzu ga yadda ake adana injin a wancan lokaci. Ana rubuta sunan nau'insa da lambobin cikinsa duka, har da ɗan guntun da yake sokewa a aljihu. In an zo tayarwa, sai a ƙera sabon inji na wannan nau'in, a zuba masa tsofaffin lambobin. Sabon injin kuwa da nasa sabon rumbu yake zuwa, wanda aka cika da irin da kwamfuta ta tsinto a wannan lokacin. Ba wanda ya damu, kuma da hujjarsu. Rumbun ya gama aikinsa tun ranar da ya tayar da inji. Ƙuri'un da ke fitowa daga lambobin ciki suke fitowa, kuma waɗannan an adana su cif. Ka adana, ka tayar, ka nemi ƙuri'a miliyan daga na asali da wanda aka tayar, za su zo iri ɗaya ba bambanci.

Sai a 2023, a siga ta 1.25, aka ƙara wa injin wani umarni mai suna spawn, wato haihuwa. Yanzu mutum yana iya ce wa injin kansa ya haifo masa 'ya'ya, shi kuma injin ya juya ya tambayi rumbunsa. A nan gizo ke saƙar. Rumbun da jiya ba ya yanke komai, yau shi ke yanke waɗanne 'ya'ya za a haifa. Injin da aka adana aka tayar yana ɗauke da rumbun da ba nasa ba. In ka ce masa ya ba ka ƙuri'a, zai ba ka daidai. In ka ce ya haihu, zai haifo 'ya'yan da ba su da alaƙa da irin da ka shuka, kuma duk lokacin da ka sake tayar da shi wasu daban zai haifo. Abin da ya ƙara wa matsalar nauyi shi ne, ba sai mutum ya adana a faifai da niyya ba. Lokacin da Python ke miƙa kaya daga wani aiki zuwa wani a kwamfuta mai ƙwaƙwalwa da yawa, ta hanyar pickle yake miƙawa. Wato daidai wurin da aka fi buƙatar haihuwar, wurin raba aiki, nan ne rumbun ke musanyuwa. A 2024 masu kula da NumPy suka gyara, suka sa rumbun iri ya shiga cikin abin da ake adanawa tare da injin.

Ni a ganina wannan labari ya fi duk wani bayani koyarwa, kuma ban ɗauke shi a matsayin sakaci ba. Ranar da aka rubuta tsarin adanawar, daidai yake. Ranar da aka rubuta umarnin haihuwa, shi ma daidai yake in an dube shi shi kaɗai. Tangarɗar ta ɓuya ne a tsakaninsu. Halin da abu ke ciki ba jerin kayan da ke jikinsa ba ne. Duk abin da zai iya sauya amsar da zai bayar nan gaba, yana cikin halinsa. Saboda haka duk ranar da aka koya wa abu amsa sabuwar tambaya, iyakar halinsa ta matsa, kuma wajibi ne wani ya koma ya sake duba takardar yaro.

Irin wannan yana faruwa a fagen da matasanmu da dama ke shiga yanzu, wato horar da ƙirƙirarriyar basira. A ce ɗaliba a ɗaya daga jami'o'inmu tana horar da manhajar da za ta gane maganar Hausa. Aikin kwana uku ne, wuta kuwa mun san halinta a wurarenmu, ana iya ɗauke ta kowane lokaci. Don haka takan adana aikin duk bayan sa'a guda. Tambayar ita ce, me take adanawa? Abin da ya fi zuwa a rai shi ne lambobin da manhajar ta koya, waɗanda ake kira nauye-nauye. Amma akwai mai horarwa a gefe, wanda ke gyara nauye-nauyen taki-taki. Wanda aka fi amfani da shi sunansa Adam, dabarar da Diederik Kingma da Jimmy Ba suka gabatar a 2014. Ga kowane nauyi guda, Adam yana riƙe da lambobi biyu nasa na kansa, ɗaya tana tuna inda gyara ya riƙa karkata a baya, ɗayar tana tuna girman gyaran, sannan yana ƙirga taki nawa aka yi. Ke nan abin da mai horarwa ke riƙe da shi ya kai ninki biyu na abin da ake horarwa. A laburaren PyTorch, kowannensu da nasa umarnin adanawa daban. In ɗalibar ta adana na manhajar ta bar na Adam, wuta ta dawo ta ci gaba, mai horarwar zai tashi kamar baƙon da bai san hanyar da aka biyo ba, kuma sau da yawa takan ga aikin ya ja da baya kafin ya sake daidaita. In tana so ta ci gaba daidai daga inda ta tsaya, sai ta haɗa har da halin injin ƙuri'ar da ke cakuɗa bayanan horon, da inda aka kai a cikinsu.

Akwai kuma matsalar tsufa. Fayil ɗin da aka adana bana, wataƙila sai baɗi za a buɗe shi, laburaren kuwa ya canza a tsakani. Pickle ba ya adana umarnin da ke tafiyar da abu, sunan nau'insa kawai yake rubutawa da kayan cikinsa. Ranar tayarwa sai ya nemi nau'i mai wannan suna a laburaren da ya tarar, kuma bisa al'ada ba ya bi ta matakin shiri na farko da sabon abu ke bi. In sabuwar siga ta ƙara wani yanki da ake cikawa a wannan mataki, tsohon abu zai tashi babu shi, ya yi ta aiki lafiya har ranar da aka nemi yankin. Masu laburaren scikit-learn sukan buga lambar sigarsu a jikin duk abin da aka adana, in an buɗe da wata siga daban sai gargaɗi ya fito. Java ya fi tsanani, yana da lambar hatimi ga kowane nau'i, in ta tsohon fayil ba ta dace da ta yanzu ba sai ya ƙi buɗewa ɗungurungum. Na fi son mai ƙi da mai gargaɗi a kan mai shiru, domin kuskuren da ya yi ihu a bakin ƙofa ya fi sauƙin magani a kan wanda ya shige ciki ya zauna.

Ba zan wuce ba sai na ja kunne a kan abu guda. Tunda fayil ɗin pickle umarni ne na yadda za a sake gina abu, mugu yana iya cusa umarnin da ya ga dama, kuma da zarar an buɗe ya zartu. Jagorar Python ta yi gargaɗi ƙarara kada a buɗe wanda ba a amince da tushensa ba. A 2015 masu binciken tsaro biyu, Chris Frohoff da Gabriel Lawrence, suka nuna yadda ake ƙwace ragamar manhajojin Java ta wannan ƙofa, kafin shekarar ta ƙare aka ga rauni ya shafi manyan manhajoji irin su WebLogic da Jenkins. PyTorch ma, a siga ta 2.6 da ta fito a farkon 2025, ya sauya al'adarsa, ya koma karanta lambobi da sassauƙan bayanai kaɗai sai in mutum ya ba da izinin fiye da haka. Ga ɗalibanmu masu sauko da horarrun manhajoji daga intanet, ku san daga hannun wa kuke karɓa.

To mai rubuta laburare, yaya zai gane ko takardarsa ta cika? Gwajin da aka saba shi ne a adana, a tayar, a kwatanta na asali da sabon a ga ko sun yi kama. Wannan bai isa ba, domin kwatancen yakan duba abin da mai rubutun ya riga ya tuna ne kawai. Da shi kaɗai aka dogara, injin NumPy zai ci jarrabawar da rumbun wani a cikinsa. Gwajin da ya fi shi ne a fara sa abin aiki tukuna, ya yi nisa, aljihunsa ya cika, ya haifi ɗa ɗaya ko biyu. Sannan a adana a tsakiyar tafiya, a rufe manhajar gaba ɗaya, a tayar a sabon zama, in da hali a wata kwamfutar. Daga nan a zaunar da su biyun, a yi musu kowace tambaya da laburaren ya yarda a yi, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka ƙara makon jiya, a ga ko amsa ta zo ɗaya. A kuma ajiye tsofaffin fayiloli daga sigogin baya a cikin kayan gwaji, duk sabuwar siga sai ta buɗe su kafin a sake ta ga jama'a.

Ga ku kuma masu amfani da laburaren wasu, kuna iya yin ƙaramin irinsa yau da kanku. Ku shuka iri, ku jefa ƙuri'a bakwai, ku adana, ku jefa wasu goma ku rubuta su a takarda. Ku rufe komai, ku tayar da abin da kuka adana, ku jefa goma. In sun saɓa da na takarda, ku rubuta wa masu laburaren rahoto da wannan ɗan misalin a ciki, yadda za su iya maimaita shi a nasu teburin.

A nan lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]